Me ya sa sitiroberin kanti yake da kyau a ido amma lami a baki?

Maman Ilham (Kura): Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah tambaya gare ni, kuma raina a ɓace yake. Wata amarya ta ba ni aikin kek da yogot na walima, ta ce lallai da sitiroberi take so a sama, irin wanda take gani a hotuna. Na shiga Kano na saya a wani babban kanti, cikin 'yar robar nan mai murfi. A ido ba shi da makusa, manya-manya, jawur, sai sheƙi yake. Da na zo gida na yanka sai na tarar da cikin fari fat, wani ma har da rami a tsakiya. Na ɗanɗana, ba zaƙi, ba ƙamshi, sai ruwa da ɗan tsami-tsami. Kuɗin da na zuba kuwa da mangwaro na saya da har maƙwabta sun samu. Shin dama haka abin yake, ko ni ce aka yi wa sakiyar da ba ruwa? In akwai inda ake samun mai daɗi ku taimaka min, don sana'ata ce, kuma masu tambayarsa sai ƙaruwa suke yi.

Sadiya (Bunkure): Wa alaikumus salam Anti. Wallahi kin faɗi abin da ke raina. Wata ƙawata ta taɓa kawo mana makaranta, muka yi ta ɗoki, ina kaiwa baki na ce yanzu wannan ne ake ta yayi? Ni na zaci zan ji irin ɗanɗanon da ke cikin askirim da alawa.

Hajiya Binta (Tudun Wada): Ai kyan ɗan maciji gare shi. Ni dai zargina kabayit suke sa masa yadda suke yi wa ayaba, waje ya nuna, ciki ɗanye sharaf. Allah ya kyauta, yanzu komai sai an yi masa dabara.

Malama Rabi (Birnin Kudu): Hajiya, zancen kabayit gaskiya ne a kan ayaba da mangwaro, hukumar NAFDAC ma ta sha yin gargaɗi a kai. Amma a kan sitiroberi ba shi da wani aiki, kuma dalilin haka shi ne amsar tambayar Maman Ilham. Aikin gona nake koyarwa, bari in faɗi abin da na sani.

Mangwaro da ayaba suna da sitaci a ajiye a jikinsu. Shi ya sa za ki tsinko su da sauransu, ki rufe a ɗaki, sitacin ya juye ya koma sukari, bayan kwana biyu ki same su da zaƙi. Sitiroberi ba shi da wannan ajiya. Sukarinsa daga ganye yake zuwa, ta cikin ɗan siririn karan da yake rataye a jiki, kuma mafi yawansa a kwanakin ƙarshe na nuna yake shiga. Ranar da aka raba shi da uwarsa, zaƙin ya tsaya ke nan. Layi ɗaya yake da kankana da abarba da lemo da inabi. Abin da ke ruɗar mai saye shi ne launi, don fatar tana iya ƙara ja a cikin roba ko da an tsinke shi da wuri. Sai ki ga ja a waje, ciki kuwa yana nan inda aka bar shi ran da aka cire shi daga gona. Ƙamshin ma haka, a ƙarshen nuna yake haɗuwa.

Hajiya Binta (Tudun Wada): To Malama, in haka ne me ya hana su bari ya nuna? Ai wannan zalunci ne, a karɓi kuɗin mutum a ba shi ɗanyen abu.

Ɗanlami direba (Doguwa): Hajiya ki yi haƙuri in sa baki, don wannan hanyar ita ce abincina. Ni nake jigila tsakanin Jos da Kano, kuma nakan ɗauko saƙon wannan abu lokacinsa. Ki ɗauka an tsinke shi da safe a gona. Kafin a haɗa, a zuba a kwali, a kawo tasha, rana ta ɗaga. Mota ba ta tashi sai ta cika. In mun taso, mu bi Jengre, Saminaka, mu shigo Doguwa, mu ratsa dajin Falgore, Tudun Wada, Kwanar Dangora, kafin mu shiga Kano awa biyar zuwa shida ne in hanya ta yi kyau. Kina saukowa daga kan tudun Jos za ki ji iska ta sauya, zafi ya fara dukan mota. Ga ramuka, ga tsaye-tsaye. Kwalin yana but, wani ya ɗora buhun dankali a gefensa, salansa tana gasa shi ta ƙasa.

Wanda ya nuna sosai ba ya jure wannan. Da idona na ga an buɗe kwali a tasha, na ƙasa duk ya zama miya, ruwan ja yana ɗiga. Mai kayan ta zauna tana kuka, don da bashi ta saro. To mutumin da ya taɓa yin irin wannan asarar, in ya koma gona cewa zai yi a tsinko masa mai ƙarfi-ƙarfi. Manomin ma ya fi son haka, don kada a kira shi a ce kaya sun lalace a rage kuɗi. Ba wai ina kare su ba ne, amma ba mugunta ce zalla ba.

Hajiya Binta (Tudun Wada): Na ji, Ɗanlami. Amma kanti fa? Su da suke da firij dare da rana?

Malama Rabi (Birnin Kudu): Firijin kanti a ƙarshen tafiya yake, Hajiya. Inda ake noman abin nan da yawa, so ake a sanyaya shi cikin kamar awa ɗaya da tsinkewa, a riƙe shi kusa da digiri 0 har ya isa hannun mai ci. A haka ma kwanansa bai fi bakwai ba, in ya yi nisa goma. A zafin ɗakinmu kuwa kwana ɗaya ko biyu ne fumfuna ta kama shi. Mu babu wannan sanyin a tsakanin gona da kanti. Shi kuma mai kanti so yake kayan su kwana biyar a kan kanta suna sheƙi, don haka shi ma mai tauri yake nema.

Anti Zulai (Rano): Salamu alaikum. Sai yanzu na ga wannan hira. Maman Ilham, ƙanwata, kada ki yanke wa sitiroberi hukunci da abin da kika ci. A Bukuru na yi zaman aurena na fari, kuma na ci shi a bakin gona. Akwai wani ƙauye Chaha, kusa da Vom inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi take, a ƙaramar hukumar Jos ta Kudu. Nan ne cibiyar nomansa. In kika je lokacinsa, tun kafin a miƙo miki za ki ji ƙamshi ya cika wurin. Wanda ya nuna a jikin uwarsa ja ne har ciki, laushi gare shi, ruwansa yana ɓata yatsa. Yana da tsami, ba zan ɓoye miki ba, amma tsami ne da ke tafiya tare da zaƙi, ba wannan lamin ba.

Sai dai abu ne mai lokaci. Ƙarfinsa a hunturu ne, daga wajen Disamba zuwa Maris. Yanzu da muke tsakiyar bazara, abin da kika samu a kanti ko dai ragowar ƙarshen kaka ne da zafi ya riga ya taɓa, ko kuma na waje ne da ya sha doguwar tafiya. Ki duba jikin robar, in na waje ne za ki ga sunan ƙasar.

Maman Ilham (Kura): Anti na gode. Ashe ma ba lokacinsa ba ne. To me ya sa sai Jos?

Anti Zulai (Rano): Sanyi. Jos tana kan tudu, sama da mita 1,200, Kano kuwa ba ta kai 500 ba. Abin da ya sa dankalin Turawa yake yi musu ke nan. Rana ta haska da kyau, dare ya yi sanyi, haka yake so.

Baba Alhaji Isa (Kiyawa): Assalamu alaikum 'ya'yana. Tun ɗazu jikana yake karanta min. Ni abin da ya dame ni daban ne. Yanzu a ce 'yar Kura, mai mangwaro da gwaiba da kankana a bayan gida, ta tafi birni ta zuba kuɗi a kan abin da ba na ƙasarta ba, ta dawo da ɓacin rai? Muna yara hunturu ba ya wucewa ba mu ƙoshi da kanya da magarya ba. Ga ɗinya, ga tsada, ga taura, ga gwandar daji wadda ƙamshinta kaɗai ya isa. Yau jikokina ba su san ɗanɗanon gwandar daji ba, don an sare dajin an yi gawayi. Nan Dutse ga dabino, har da cibiyar bincikensa ta gwamnati, in kika sami ɗanyensa lokacin da ya nuna ba kya nemi wani abu ba. Me ya hana a yi wa amaryar ado da namu? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Maman Ilham (Kura): Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi maganarka gaskiya ce, kuma ina yin yogot mai dabino da mai 'ya'yan kuka, suna tafiya sosai. Amma mai sana'a ba ta zaɓar wa mai kuɗi abin da zai ci. In na ce babu, gobe wata a cikin gari za ta kira, kuma ba za ta tsaya a kek kaɗai ba, duk aikin bikin za ta kwashe.

Anti Zulai (Rano): Baba ranka ya daɗe, ina neman afuwa, amma ban yarda da cewa ba namu ba ne. Waɗanda suke nomansa a Chaha 'yan ƙasar nan ne, da shi suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. Kuɗin da Maman Ilham za ta ba su bai bar Najeriya ba. Tumatirin da Kadawa take taƙama da shi asalinsa daga Kudancin Amurka ya zo, mangwaro daga wajen Indiya, yau wa zai ce ba namu ba ne? Inda nake tare da kai ɗari bisa ɗari shi ne zancen sare itatuwa. Wannan kam abin kuka ne.

Baba Alhaji Isa (Kiyawa): 'Yata, na karɓi zancen tumatir. Amma shi tumatir ya yarda da ƙasarmu, ya zauna. Wannan kuwa kun ce ko kwana biyu ba ya yi a ɗaki. Ban hana kowa ci ba. Ina dai so in kun tashi haɗa kuɗin sayen na Jos, ku tuna da dashen kanya ko guda ɗaya a bakin gona.

Malama Rabi (Birnin Kudu): In sha Allahu Baba. Shi wannan da muke magana a kai ma ba daɗaɗɗe ba ne a ko'ina. A 1714 wani injiniyan sojan Faransa mai suna Frézier ya dawo daga ƙasar Chile da tsiro biyar na wani iri mai manyan 'ya'ya. Aka dasa su suka ƙi haihuwa yadda ake so, don duk mata ne. Sai da aka haɗa su gona ɗaya da wani iri mai ƙananan 'ya'ya da ƙamshi da aka kawo daga Arewacin Amurka, suka yi barbara, a wajen shekarun 1750 a yankin Brittany na Faransa. Daga nan duk na kasuwa na yau ya fito. Tun daga lokacin masu fitar da iri suke ta zaɓe, kuma abin da ɗan kasuwa ya fi biya shi aka fi bi: girma, tauri, yawan haihuwa, jure tafiya. Irin su Camarosa da Chandler da Albion daga Jami'ar Kalifoniya suka fito, Festival daga ta Fulorida. Ba duka ne marasa daɗi ba, Chandler ma an san shi da ɗanɗano, sai dai ya fi laushi.

Malam Habu mai lambu (Kadawa): Malama kin zo inda na sani. Abin da ya faru da tumatir ke nan a idonmu. Wanda iyayenmu suke shukawa a bayan gida mai ruwa ne, miyarsa ƙamshi, amma ba ya kaiwa ko Zariya. Da aka fara lodin Legas daga Kwanar Gafan kowa ya koma UTC da ire-irensa masu tauri, don su ne dillali yake saye. Babu wanda ya taɓa tsayawa a bakin kwando ya tambaye ni daɗi. Nauyi da kyan ido ake biya.

Kuma akwai laifinmu mu manoma, ban da na iri. Duk abin da ka ɗura wa yuriya da ruwa zai yi girma ya yi ganye, amma zaƙi ya gudu. Mai kankana ya san haka, in ta kusa nuna rage ban ruwa ake yi, wanda ya ci gaba da malala mata ruwa zai sami ƙatuwa mai salam. Ina kyautata zaton manyan nan masu rami a ciki da Maman Ilham ta yanka sun sha taki da ruwa ne fiye da kima. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Usman (Alƙahira, ɗan Gwaram): Gaisuwa ga iyaye da yayye. Ni ina karatu a Masar, kuma a nan lokacin sanyi a kan amalanke ake tallarsa a unguwa, talaka ma yana saye da kilo. A Ƙalyubiyya da Isma'iliyya da Buhaira ake nomansa, kuma Masar ce kan gaba a duniya wajen fitar da daskararrensa. Amma ko a nan ba kullum ake dacewa ba. Na farkon fitowa tsada gare shi kuma sau da yawa lami ne, sai sanyi ya kankama yake daɗi. Abin da nake tunani shi ne, in Masar mai hamada ta iya, me zai hana Kadawa da kwarin Haɗeja? Ruwa muna da shi tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga.

Malam Habu mai lambu (Kadawa): Usman, ruwa ba shi ne matsala ba. Faɗa min, a watan Janairu zafin rana nawa yake kaiwa a wurinku?

Usman (Alƙahira, ɗan Gwaram): Wajen digiri 19 ko 20 da rana, Baba Habu. Dare kuma ya sauka wajen 10.

Malam Habu mai lambu (Kadawa): To ka ji. Mu a tsakiyar hunturu da rana muna wajen 30, dare ne kawai yake sauka 13 ko 14. Kuma sanyin namu gajere ne. Alkama ma da muke shukawa tsakiyar Nuwamba, in mutum ya makara zafin ƙarshen Fabrairu ya cim mata tana fitar da kai, sai ya girbe ƙaiƙayi. Ku naku sanyin yana kaiwa wata huɗu ko biyar. Ba zan ɗauki kadada in zuba wa abin da ban gwada ba. Shekarar 2016 da tsutsar sharon ta cinye mana tumatir ta koya mana tsoron zuba jari wuri ɗaya.

Malama Rabi (Birnin Kudu): Malam Habu yana da hujja. Tsiron ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 da 26, in aka haura 30 fure yana raguwa, 'ya'yan su ƙanƙance su yi laushi. Kasuwanci da shi a nan abu ne mai wuya. Amma na ci a gida, a buhu ko a tukunya, ni ina ganin ya cancanci gwaji, don ko guda ashirin ka samu ka bar su sun nuna a jikin uwarsu ka ci abin da kanti ba zai taɓa sayar maka ba.

Ba da ƙwaya ake shuka shi ba, kada wani ya ɓata kuɗi a kan 'yan ƙwayoyin da ake talla a intanet. Uwar tana fitar da yaɗo, inda ya taɓa ƙasa ya yi saiwa ya zama sabon tsiro, shi ake cirewa a dasa. Ƙasa mai yashi-yashi da ruɓaɓɓen takin gargajiya yake so, wadda ruwa ba ya kwanciya. Saiwarsa ba ta nisa, don haka ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, kuma ba ya shiri da ruwa mai kanwa-kanwa. Wurin dashe a kula da wuyansa, inda saiwa ta haɗu da ganye: in aka binne shi ya ruɓe, in aka bar saiwa a waje ya bushe. A shimfiɗa ciyawar shinkafa a gindi don 'ya'yan kada su kwanta a kan ƙasa. Ya sami ranar safe, a kare shi daga ta azahar. Daga fure zuwa nuna kamar wata guda ne. In an dasa farkon Nuwamba ana iya sa ran ci a Janairu da Fabrairu, daga nan zafi ya karɓe shi. Tsuntsaye da ɗan mitsitsin jan gizo-gizon nan na bayan ganye su ne abokan gaba.

Sadiya (Bunkure): Malama, to in na sami nunannen zai yi zaƙi kamar na askirim ɗin?

Malama Rabi (Birnin Kudu): A'a Sadiya, gara ki sani tun yanzu. A giram 100 na sitiroberi sukarin bai fi giram 5 ba, kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne. Mangwaro yana da wajen giram 14, busasshen dabino ya haura 60. Bakin da ya tashi da rake da dabino ba zai taɓa jin sa da zaƙi sosai ba. Darajarsa a ƙamshi take, sinadaran ƙamshin da aka gano a cikinsa sun haura 300. Na askirim da alawa kuwa 'yan kaɗan daga ciki ake haɗawa a masana'anta, a tula sukari a kai. Ta wajen amfani kuma, bitamin C ɗinsa ya kai na lemo.

Hajiya Binta (Tudun Wada): Duk na ji. Amma mutum yana tsaye a gaban firijin kanti, ba za su bari ka buɗe ba balle ka ɗanɗana. Ta yaya za a gane?

Anti Zulai (Rano): Hajiya, robar tana da 'yan huji. Ki kai hanci. In ba ki ji komai ba ki ajiye, ko da yake sanyi yana danne ƙamshi, amma nunanne ba ya ɓuya gaba ɗaya. Sannan ki duba wuyansa, ƙarƙashin ɗan koren ganyen nan na kansa. In wurin fari ne ko kore-kore, da sauransa aka tsinke. Ganyen kuma ya zama kore mai rai, ba wanda ya yanƙwane ba. Ki juya robar ki leƙa ƙasa, in akwai jan ruwa ko guda ɗaya mai fumfuna, sauran ma sun kama hanya. Ni dai na fi dacewa da matsakaita a kan ƙattin.

Malama Rabi (Birnin Kudu): Girma shi kaɗai ba ya yanke hukunci Anti, akwai irin da manya ne kuma da daɗi. Amma zancen wuya da hanci haka yake. In ƙara da cewa kada a wanke sai za a ci, don jiƙa shi tana kiran ruɓa. A wanke da ganyen a jiki, sannan a cire, in ba haka ba ruwa ya shige ciki. Wankewar kuma dole ce, abu ne da ake ci da fatarsa kuma ana yi masa feshi. In daga firij ya fito a bar shi ya huce kafin a ci.

Maman Ilham (Kura): To wanda ya rage min fa? Akwai roba guda da ban taɓa ba, kuma walimar jibi ce.

Anti Zulai (Rano): Ba zai kai jibi da kyan gani ba sai in wutarku ba ta ɗaukewa. Ki yayyanka shi yau, ki barbaɗa sukari, ki matsa ɗan lemon tsami, ki rufe kamar rabin awa. Zai fitar da ruwa ja, ɗanɗanon ya taso. Ki ɗora a wuta kaɗan ya yi kauri, ya huce, ki ajiye a sanyi. Da shi za ki yi wa yogot ɗin ado, ki zuba a tsakiyar kek. Na saman kek kuwa ki gaya wa amarya gaskiya, ko dai a sayi roba ɗaya ranar don hoto kawai, ko ki yi mata da kankana da abarba.

Usman (Alƙahira, ɗan Gwaram): Don yogot, Maman Ilham, daskararre ya fi miki, in kin samu a manyan kantuna. Shi yawanci sai ya nuna ake tsinka, tunda ba a tsoron ya lalace a hanya. Ki dai taɓa ledar, in kin ji ya dunƙule ya zama curi guda to ya narke an sake daskarar da shi, ki bar shi.

Hajiya Binta (Tudun Wada): Ni shawarata, tunda Allah ya haɗa mu da mai mota da wadda ta san gonar, in hunturu ya shigo mu haɗa kuɗi a kawo mana kai tsaye. Ni a bakin hanya nake, sai a sauke min nawa. Amma a yi magana tun yanzu, in ya lalace a hanya asarar wa?

Ɗanlami direba (Doguwa): Hajiya tambayarki ita ce gaskiyar magana. Ni zan ɗauka, amma da sharaɗi. A tsinka da yamma lis ko da sassafe, ya shiga lodin farko. Kwali marar zurfi, kada a jera fiye da hawa biyu. A biya masa kujerar gidan gaba, ba zan sa shi a but ba. In za a sa shi a cikin kula mai ƙanƙara, a naɗe ƙanƙarar kada ruwanta ya taɓa shi. Kuma kowa ya tsaya a bakin titi da wayarsa a kunne, ba zan riƙe fasinja ina jiran mutum ya gama wanka ba. In na kiyaye wannan duka, abin da ya lalace ba nawa ba ne.

Anti Zulai (Rano): Manomin ma ba zai ɗauka ba, tunda mu muka ce ya bari ya nuna. A raba asarar a kan kowa gwargwadon abin da ya saya, shi ne adalci. Kuma a sani ba zai zo da araha ba, kujerar gaba kaɗai kuɗin mutum guda ce. Ina da 'yar'uwa a Bukuru, zan sa ta je gonar da kanta ta ɗanɗana kafin a tura ko sisi. Kada kowa ya tura kuɗi ga masu talla a Facebook da bai san su ba.

Hajiya Binta (Tudun Wada): Rabon asara kam sai mun sake zama. Wanda ya karɓa a Tudun Wada da wanda ya karɓa a Kura ba tafiya ɗaya kayansu suka yi ba.

Maman Ilham (Kura): Hajiya tsakaninmu ai bai fi tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ba. Amma na yarda a zauna. A rubuta ni da kwali biyu.

Malam Habu mai lambu (Kadawa): Ni ba 'ya'yan nake so ba. Zulai, ki tambayar min 'yar'uwar taki ko manoman suna sayar da dashe, da kuma sunan irin in sun sani. Guda hamsin sun ishe ni, zan jera su a buhuna ta gabashin rumfar reno, rabi in sa musu takin zamani kamfa kaɗan, rabi takin shanu zalla, mu ga wanda zai fi. Amma su iso hannuna kafin a fara shukar alkama. In ya wuce tsakiyar Nuwamba kada a wahalar da Ɗanlami.